Tankin Barnawa da Safiyar Lahadi

Barnawa, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka Gombe lafiya, jiki ya huta daga jijjigar mota, an nuna miki ɗaki mai ƙofa mai ƙwari. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki masu mutunci. Na ba mahaifiyarki takardar ta sa miki a jaka, domin in na ce da baki zan faɗa miki, kin san halina, da nasiha zan fara in ƙare da faɗa.

Kin tuna ranar da muke zaune a tsakar gida kina nuna min aikin da sabon kamfaninki ya turo miki ki gwada hannu kafin ki iso? Kika ce, "Baba, manhajar nan tana ba ni tsayin ruwan tanki a lokutan da ta ga dama, su kuma a lokutan da suka rubuto suke son amsa. Ku yaya kuke yi a zamaninku?" Shekara da shekaru ina jira wani cikin 'ya'yana ya yi min irin wannan tambaya. Amma maimakon in amsa, sai na ɗauko zancen waya, na ce in kin je can, bayan kowace salla za ki kira ni. Kika dube ni kika ce, "Ashe ba tafiya zan yi ba kenan, Baba." Na ce na dai gaya miki. Kika rufe kwamfutarki kika shige ciki. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma irin wadda ake yi wa baƙo. Ina farin ciki da tafiyar nan taki, Allah ya sani, amma ba na so ki tafi da wannan shirun. Shi ya sa na zauna rubutu. Zan fara biyan ki amsar tambayarki, sannan mu dawo kan maganar waya.

Kin fi ni sanin sababbin manhajoji, amma tanki bai canza hali ba tun ina saurayi. Lissafin da muke rubuta masa ba ya cewa ga yawan ruwan da ke ciki. Saurin hawan ruwan ko saukarsa yake faɗa a kowane lokaci: injin yana turo kaza, jama'a suna jan kaza, kuma in tanki ya cika ruwa ya fi fita da ƙarfi. Daga nan kwamfuta take kama hanya, taku bayan taku, tana cewa tunda yanzu ruwa yana nan, kuma da wannan saurin yake sauka, to jim kaɗan zai kai can. Manhaja mai kyau ita take zaɓar tsawon takunta. Inda ruwa yake kwance ba abin da ke faruwa, sai ta yi dogon taku. Inda abubuwa suka rikice, sai ta riƙa takawa a hankali. Dalilin kenan da lokutan da take ba ki suke fitowa a karkace, ba su dace da agogon kowa ba. Ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi.

Ni ban fahimci haka ba sa'ad da na fara aiki. Aikin farko da aka sakar min ni kaɗai shi ne tankin wata makarantar kwana ta 'yan mata a hanyar Kakau. Shugabanmu a ofis, wani dattijo mai tsadar magana, ya ce in gaya masa inda ruwa zai kasance da ƙarfe shida na safe, don a san ko za a tayar da injin tun da asuba ko a bari sai an karya kumallo. Na duba takardar da kwamfuta ta fitar, babu ƙarfe shida. Akwai amsa kafin shida da ɗan dama, sai wata can bayan shida da rabi. Na ɗauki ta farkon, na goge lokacinta, na rubuta ƙarfe shida a gefenta da kyakkyawan rubutuna. A raina na ce 'yan mintoci ne, me za su canza? Ashe a cikin 'yan mintocin nan ake buga ƙararrawar wanka, yara su buɗe famfo gaba ɗaya. Amsata ta ce akwai sauran ruwa mai yawa, aka bar injin yana barci. Makon da aka dawo daga hutu, shugabar makarantar ta zo ofishinmu da kanta, ta ce yaranta suna shiga aji da sabulu a kunne.

Dattijon nan bai ɗaga murya ba. Ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan lambar, ya ce, "Injiniya, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ce mafi kusa da shida."

Ya ce, "To. In na ce ka same ni a tasha ƙarfe shida, ka zo kafin lokaci ka leƙa ka tafi, mun haɗu?"

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Don haka, uwata, kada ki taɓa sauya wa amsa lokacinta. Lambar da aka samo a wani lokaci ta wannan lokacin ce, ko da minti ɗaya ne tsakani. Kada kuma ki yi dabarar da na koma yi daga baya, wato in ɗauki amsar baya da ta gaba, in ja miƙaƙƙen layi da rula a tsakaninsu, in karanta tsakiya. Ta fi ta farko dama-dama, amma ruwa ba ya sauka a miƙe. Yana zubowa da ƙarfi sannan ya lafa, layin rula kuwa sai ya yanke kwanar ya wuce abinsa. Hanyar da ta dace tana da sauƙi, har haushi ta ba ni ranar da na gano ta. Kafin ki saki manhaja ta fara tafiya, akwai wurin da ake ba ta jerin lokutan da ake son amsa. Ki jera mata su daga na fari zuwa na ƙarshe, kada ko ɗaya ya fita daga tsakanin farkon lissafi da ƙarshensa. Za ta ci gaba da takunta yadda ta ga ya dace, amma duk inda ta tsallake wani lokaci naki, za ta waiwaya ta ciro miki amsarsa daga lanƙwasar layin, domin a kowane taku ta san inda ruwa yake, ta kuma san inda ya dosa. Wasu manhajojin ma ana iya ce musu su ajiye lanƙwasar gaba ɗaya, in oganki ya zo gobe da sabon lokaci ki tambaye ta kawai, ba sai kin sake lissafi ba. Ki dai tabbatar da abin da take ƙirgawa, awa ne ko minti. Na ga ƙato da gemunsa ya ba ta shida yana nufin ƙarfe shida, ita kuwa ta ɗauka minti na shida yake so.

Amma kafin in gano wannan sai da na tafka wata wautar, kuma ita ta fi kama da halina. Bayan kunyar makarantar nan na yi rantsuwa ba lokacin da zai sake kuɓuce min. Na ƙwace wa manhaja ikon zaɓar taku, na ɗaure ta da taku ƙanana ƙwarai, daƙiƙa-daƙiƙa, don duk lokacin da aka tambaye ni in ce ga shi, a kansa ta taka. A zamanin kwamfuta ɗaya ce a ofis, layi ake bi. Wanda ke bayana a layin shi ne Baba Bitrus, wanda kika sani yana kawo mana citta in ya je garinsu. Lokacin shi ma saurayi ne, bai ajiye tumbin nan ba. Ya zauna yana kallon na'ura tana nishi tun da hantsi. Can ya ce, "Malam Garba, abeg, tankin nan naka teku ne?" Na ce ya yi haƙuri, ni ba na aikin ha'inci. Ban rufe baki ba aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Washegari na sake, ta daure ta gama, ta amayo takarda har tana jan ƙasa. Bitrus ya karɓi kujera, ya sa lissafina yadda yake, ya bar manhaja ta zaɓi takunta, ya ba ta lokutan da ake so. Kafin in shanye shayina ta gama. Muka jera amsarsa da tawa, bambancin bai kai cikin cokali ba. Har yau in ya ga na matsa wa wani, sai ya kalli sama ya ce, "An fara daƙiƙa-daƙiƙa."

Abin da na koya a ranar shi ne tsawon taku daban, lokacin bayar da amsa daban. Na farko aikin manhaja ne, na biyu naki ne. In kina shakkar ingancin amsa, ba ɗaure mata ƙafa za ki yi ba. Akwai wurin da ake gaya mata iyakar kuskuren da za a lamunta. Ki matse shi, ki sake lissafi, ki ga ko amsoshin lokutanki sun motsa. In ba su motsa ba, ki kwantar da hankalinki ki miƙa aiki.

Wuri ɗaya ne na yarda ki sa baki a takunta, shi ne inda abu yake canzawa farat ɗaya. Wutar garin nan ce ta koya min wannan. Injin yana kashe, ruwa yana kwance, manhaja ta saki jiki tana dogon taku. A kawo wuta na ɗan lokaci, injin ya tura ruwa, a ɗauke, ita kuwa ta tsallake abin gaba ɗaya ba ta ma san an yi ba. Sa lokacin a cikin jerin lokutan amsa ba zai tsayar da ita ba, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sai kin gaya mata a fili cewa nan tsayawa ake yi, ko kuma ki yanka lissafin gida-gida: ki kai shi daidai lokacin da injin ya tashi, ki tsaya, ki ɗauki tsayin ruwan da kika samu, ki fara sabo daga nan. Ku injinanku da hasken rana suke aiki, ba ruwanku da masu ɗauke wuta, amma suna da makunnin da ke kashe su in tanki ya cika, shi ma farat ɗaya yake yi. Ki nemi yadda manhajarki take gano irin wannan, kada ki bar ta ta yi tsalle a kansa.

Yanzu ga wanda ya fi zauna min a rai. Lokacin na riga na ƙware, ko in ce ina ganin na ƙware. Kina goye a bayan mahaifiyarki aka ba ni tankin wani rukunin gidaje a nan Barnawa, ba nisa da inda muke yanzu. Na yi aikin tsakani da Allah. Ni da Bitrus muka zaga gida-gida muna tambayar yadda ake amfani da ruwa, ranar aiki, ranar wanki, ranar hutu, duk na zuba a lissafi ban rage komai ba. Da aka zo zaɓar lokutan da za a nuna wa kwamitin masu gidajen, ba wanda ya ba ni jeri, aka ce in zaɓa da kaina. Ban yi wani dogon tunani ba. Na sa asuba, azahar, la'asar, magariba da isha'i, domin a kaina haka yini yake rabe, kuma a lokutan nan aka fi taɓa ruwa a gidanmu. Amsoshi suka fito tas, tun daga Litinin har Lahadi ba inda ruwa ya sauka ƙasa da kwatan tanki. Na sa hannu, aka gina.

Ba a daɗe da buɗe shi ba, wata Lahadi da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai ga Bitrus a mota, ya sha babbar rigarsa ta zuwa coci, fuska ba annuri. Ko fitowa bai yi ba, ya ce, "Shigo mu je ka ga tankinka." Yayarsa, Mama Saratu, a rukunin take zaune, ita ta aika masa. Muka isa muka tarar da mata da yara a bakin famfon waje da bokitai, wasu ɗankwalin coci a ka, zanen wanka a ƙirji, famfo sai tari yake ba ya kawo komai.

Mama Saratu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne injiniyan? Sannu da aiki. Maigidana da ruwan randa ya yi wanka, ni kuma ga ni nan, an kusa fara sujada a coci."

Wata daga baya ta ce, "Ku bar shi, shi zai je ya gaya wa fasto abin da ya hana matan zumunta zuwa yau."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ranar na wuce ofis raina a ɓace, ina neman inda lissafi ya yi ƙarya. Bai yi ba. Na ce wa manhaja ta ba ni amsoshi kusa da kusa, tun daga asubar Lahadi har azahar, sai ga abin ƙiri-ƙiri. Bayan fitowar rana layin ya gangaro, ya daki ƙasa, ya kwanta a can har jama'a suka watse zuwa coci, sannan injin ya samu sarari ya cika tanki. Kafin azahar ya murmure kamar ba abin da ya faru. Yawancin mutanen rukunin Kiristoci ne, gida guda kowa da kowa sai ya yi wanka a lokaci ɗaya, ga girkin da za a gama kafin a fita. Duk wannan yana cikin lissafina, ni na zuba shi da hannuna. Kwamfuta ta sani tun ranar farko, ba ta faɗa ba ne don ban tambaye ta ba. Tsakanin asuba da azahar akwai kusan rabin yini, na bar shi ko leƙe babu, saboda a gidanmu ba abin da ake yi a wannan lokacin ranar Lahadi sai ramuwar barci da shan shayi.

Da na nuna wa Bitrus, wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Garba, tare muka zaga gidajen nan. Na ga jerin lokutanka ban ce komai ba, don ni ma na saba ganinsu a haka." Daga baya aka ƙara ƙaramin tanki, aka sauya lokacin tayar da injin ranar Lahadi, magana ta wuce. Mama Saratu kuwa har ta bar duniya, in ta hango ni sai ta ɗaga murya ta ce, "Injiniya, yau akwai ruwa?" Kuma ita ce ta aiko mana da acca cike da kwarya ranar saukarki ta Alƙur'ani.

To ki riƙe wannan da kyau, don manhaja ba za ta koya miki shi ba. Kafin ki yarda da kowane jerin lokuta, naki ne ko na oganki, ki fara zana layin gaba ɗaya da amsoshi kusa da kusa, ki kalle shi da idonki. Ki nemi inda ya fi sauka da inda ya fi hawa, ki ga ko jerin ya kama su. In bai kama ba, ki ba su abin da suka tambaya, sannan ki ƙara a ƙasa cewa ga lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, ko da ba su tambaya ba. In ogan ya ɓata rai, ya ɓata. Gara ɓacin ransa a ofis da layin bokitai a ƙauye. Ki kuma tambayi kanki yinin wa kike aunawa. Garuruwan da za ku kafa wa tanki suna da ranar kasuwarsu, suna da lokacin da ake kawo shanu shan ruwa, suna da Juma'arsu da Lahadinsu. Ki zauna da matan garin ki ji daga bakinsu, domin su ne suke tsayawa a bakin famfo.

To, mu dawo kan waya. Ranar da kika rufe kwamfutarki kika shige, na sami mahaifiyarki a kicin ina huci, ina cewa yaran yanzu ba a isa a gaya musu ba. Ta bar ni na gama, tana yankan kuɓewa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sannan ta ce, "Malam, bayan kowace salla fa ka ce. Yarinyar da za ta yini a ƙauye a gindin tanki, hannu duk laka? Lokutanka ka ba ta ko nata?"

Na ce, "Ai don tsaronta ne."

Ta ce, "Haka ka ce a kan yayanta."

Ke kina ƙarama lokacin, ba ki san yadda aka yi ba. Da yayanki ya tafi karatu Zariya, na saya masa waya, na kuma mayar da ita igiya. Da safe in kira, da rana in kira, in ya yi jinkirin ɗauka in tambayi inda yake da wanda yake tare da shi. Da farko yana ba ni labari, malami kaza ya ce kaza, abincin wuri kaza ba ya ciyuwa. A hankali labari ya ƙafe, ya rage "Lafiya lau, Baba." Kullum lafiya lau. Ni kuwa ina jin daɗi, har ina gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa ba abin da yaron nan yake ciki ban sani ba. A shekararsa ta biyu taifot ya kwantar da shi a ɗakin abokinsa har ya rasa jarrabawa, kuma a duk kwanakin nan ba ranar da ban yi magana da shi ba, ba kuma ranar da bai ce min lafiya lau ba. Daga bakin mahaifiyar abokin muka ji. Da na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na faɗa, kafin in ajiye waya kana tasha." Gaskiya ya faɗa. Ya warke, ya gama karatunsa, ga shi yau da iyalinsa muna zaune lafiya, alhamdu lillahi. Amma har gobe in yana da damuwa mahaifiyarku yake kira, ni sai an gama a ba ni labari. Abin yana min ciwo, kuma ni na jawo wa kaina.

Ba haka aka rene ni ba, shi ya sa nake mamakin inda na samo halin. Ranar da zan baro gida in zo Kaduna, mahaifiyata mai sunanki, Allah ya jiƙanta, ta raka ni bakin zaure ta ce, "In direban kasuwa zai zo, ka ba shi saƙo in kana da shi. In babu, na san kana lafiya." Iyakar abin da ta faɗa kenan. Kuma da yake ba ta matsa min ba, ba abin da na taɓa ɓoye mata. Duk ranar da abu ya dame ni, ita nake fara aika wa.

Ummi, ina alfahari da ke, kuma ban cika faɗa ba. Ranar da na ga kin zauna kina gardama da lissafin tanki kina cije leɓe, daɗi ya cika ni har na rasa abin cewa, wataƙila ma shi ya sa na ɗauko faɗa. Sauran nasihohin kin sha jin su: ki riƙe sallarki, ki gaishe da maƙwabta tun ranar farko, kada ki hau tsanin tanki sai wani yana riƙe da shi a ƙasa, kuma ki ci abinci kafin ki fita, don na san ki da mantawa da ciki in aiki ya yi daɗi. Ba ni da shakka a kanki. Shakkata a kaina take, kada in mayar da ke mai ce min lafiya lau.

Saboda haka na janye maganata. Ba kira bayan kowace salla. Ki je ki ga yadda aikin yake, ki ga yadda yininki ya rabu, sannan ke da kanki ki zaɓi rana da lokacin da za ki riƙa kirana, ko da sau ɗaya ne a mako. In kin zaɓa ki gaya wa mahaifiyarki, ita za ta sanar da ni. Abu ɗaya nake roƙo, kuma roƙo ne, ba umarni ba. In wani abu ya taso miki, ciwo ne, ko tsoro, ko wani ya taka ki a wurin aiki, kada ki jira ranar. Ki kira a duk halin da nake. Na yi miki alkawari zan saurara har ki kai aya, kuma ba zan nufi tasha ba sai kin ce in zo.

Ba zan ce miki abin zai zo min da sauƙi ba. Jiya na gwada, da kika fita sallama gidajen ƙawayenki. Ina ɗaukar waya ina ajiyewa, ina ɗauka ina ajiyewa, har mahaifiyarki ta gaji ta karɓe ta, ta jefa a cikin robar garin tuwo ta rufe. Ta ce can za ta riƙa zama duk ranar da hannuna ya fara ƙaiƙayi. Don haka in kin kira kin ji muryata da ƙurar gari, kin san inda aka ciro ni.

Allah ya tsare min ke daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya kare ki a kan tsani da ƙarƙashinsa, ya sa albarka a aikin hannunki, ya sa duk garin da kika kafa wa tanki su sha ruwa su yi miki addu'a. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, yayanki da iyalinsa suna gaishe ki, Baba Bitrus ma ya ce in gaya miki yana sa ki a addu'a.

Duk ranar da kika zaɓa, za ki same ni a ƙofar gida da waya a aljihu. In kin makara, ba zan kira ba. Zan jira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba.